Manaja Ya Ƙi Abincin Likita

Gidan marigayiya Yaya,
Litinin.

Zuwa ga 'yata Ungozoma,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin sauka lafiya kin kama karatun da ya raba ki da gida har shekara guda. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da kunnen nan da kika sani. Shi ya sa na ce kada ki wahalar da kanki da waya. Ke ki yi ta ihu, ni in yi ta "na'am?", a tashi ba wanda ya ƙaru. Direban motar da ke zuwa wajenku ya yarda ya riƙa kai mana takarda.

Na tare a gidan mahaifiyarki kamar yadda muka yi. Ɗakin baƙi na ɗauka, ban taɓa nata ba. Ni da Yaya iyayenmu mata ne 'yan'uwa, amma ko ciki ɗaya muka fito ba zan fi haka jin rashinta ba. Wata takwas ke nan, har yanzu in na shiga kicin sai in ji kamar za ta ce in zauna ta ɗora shayi.

Sai batun muzurun da kika bar mini amana. Wanda ya raɗa masa suna Manaja bai yi kuskure ba. Ba ya aikin fari, ba ya na baƙi. Yana kwance kan kujerar Yaya, yana bi na da ido kamar na zo neman aiki. Kin san ni ba ma'abocin kyanwa ba ne, amma muna zaune lafiya, kowa na harkarsa.

Gidan kuwa ya ga hannu. Na wanke tankin sama, na sauya bututun banɗaki da ya yi tsatsa, na buɗe magudanar bayan gida da ganye ya cika. Sannan na waiwayi tsohon abokin gabana, famfon kicin. Shekara arba'in ina gyaran famfo, ba wanda ya taɓa kunyata ni sai shi. Sau shida na gyara shi a zamanin Yaya, sau shida in dawo bayan wata biyu in tarar yana ɗis, ɗis, ɗis. A garin gyaransa ma sifanata mai jan mariƙi ta ɓata. Wannan karon na sa masa sabuwar roba na ɗaure shi tamau. Yau kwana biyar ko ɗigo bai yi ba.

Ki dage da karatu.

Kawunki.

*

Makarantar ungozoma,
Asabar.

Kawu,

Na same ka lafiya? Yaya gwiwar? Ni ma lafiya, sai dai gudu. A tsaye na karanta wasiƙarka, tsakanin haihuwa biyu, ɗaya ma tagwaye. Malamarmu ba ta san kalmar hutu ba.

Allah ya saka da alheri kan gyare-gyaren, amma don Allah Kawu kada in dawo in kasa gane gidanmu. Na san ka, in aka bar ka da bango sai ka nemo bututu a cikinsa.

Abincin Manaja yana cikin buhun nan na ƙarƙashin tebur, busasshen nan mai kamar tsakuwa. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ban da kifi, ban da madara, ban da ragowar abinci, ko da ya yi maka kallon maraya. Ya iya wannan kallon sosai, da shi ya mallake Mama.

Kada ka ga kamar na cika sanabe a kan kyanwa. Lokacin jinyar Mama, a ƙafafunta yake kwana, ko an kore shi sai ya dawo. Cikin duk abin da ta bari, shi kaɗai ne mai numfashi. Ka riƙe mini shi, Kawu.

'Yarka.

*

Gidan Yaya,
Laraba.

'Yata,

Gaisuwa. Ni lafiya. Manaja ma yanzu da sauƙi, don haka ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Ranar Lahadi da safe na ga yana ta zarya zuwa kaskon yashinsa. Ya tsuguna, ya yi kuka, ya tashi, ya sake komawa. Da na duba yashin, ɗigo biyu ne kawai, kuma da ja-ja a ciki. Ban tsaya shawara ba. Na juye kayan aikina a ƙasa, na shimfiɗa tawul a jakar, na sa shi ciki, sai asibitin dabbobi. Ya yage mini hannu a hanya, amma na yafe.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ki shekaru ba, sai dai ta san aikinta. Ta lalluba mararsa ta ce mafitsara ta cika tam, hanya ta toshe, da na kai gobe da wani labarin ake yi. Ta ce wasu ƙananan tsakuwoyi ne kamar garin gishiri suke taruwa a fitsari, kuma muzuru ya fi mace shiga haɗari saboda hanyarsa siririya ce. Na ce mata, "Likita, ai aikinmu ɗaya. Bututu ne ya toshe." Ba ta yi dariya ba. Ta zura masa siririyar roba ta buɗe hanyar, ta riƙe shi kwana biyu. Har ta nuna mini tsakuwoyin a madubinta mai ƙara girman abu. Irinsu na sha kankarewa a tukunyar dafa ruwa.

Yanzu rigimar ta koma kan abinci. Ta ce buhun ƙarƙashin tebur ya yi ritaya. Akwai abinci na musamman da ke narkar da tsakuwar, akwai busasshe, akwai na gwangwani, kuma na gwangwanin ya fi saboda ruwan da ke cikinsa. A riƙa gauraya shi da tsohon kaɗan-kaɗan har mako guda. Ta ce abinci rabin magani ne, ɗayan rabin ruwa, ya sha ya yi ta sha.

Na je kanti na tarar da iri uku. Mai kantin ya dage in ɗauki mai hoton wata farar kyanwa, wai ita aka fi saye. Na ce masa ni ba aure na zo nema wa Manaja ba. Na kwashi ukun na koma wurin Likita, ta karanta bayansu ta zaɓi wanda ba shi da hoton kowa.

Na buɗe, na zuba, na ajiye masa da ladabi. Ya sunsuna, ya dube ni, sannan ya juya ya kama tonon siminti da ƙafa kamar zai binne abin. Kin san abin da kyanwa ke binnewa. A nan muka tsaya.

Kawunki.

*

Makarantar ungozoma,
Juma'a.

Kawu,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Wasiƙarka ta kwana tara a aljihun motar Direba. Kafin ta iso, Mai ɗinki ta maƙwabta ta kira ni ta ce ta ga ka fita a guje da jakar aiki tana kuka. Jakar tana kuka, Kawu! Kwana tara ina karɓar 'ya'yan mutane, ban san ko Manaja yana raye ba. Na kira wayarka ya fi sau ashirin, na san tana cikin akwati a kashe.

Kuma Mai ɗinki ta ce ta gan ka sau biyu wurin mai busasshen kifi. Kai ba ka cin kifi, tun ina ƙarama kake cewa ƙarni gare shi. To wa kake saya wa? Abu uku kacal na hana, kifi ne na farko. Shekara shida Manaja yana cin abincin buhun nan bai taɓa ko tari ba, ka zo wata ɗaya ya kwanta asibiti. Me kake so in ce?

Ka bi maganar Likita sak. Ka ɗan ɗumama abincin, kada ya yi zafi, don ƙamshin ya tashi. Ka zuba a faranti mai faɗi, ba ya son gashin bakinsa ya taɓa gefen kwano. Kada ka tsaya a kansa, ba ya ci in ana kallonsa. Kada kuma ka bar shi da yunwa wai don ya saduda, kyanwa ba ta jure haka.

In ya sake toshewa, zan ajiye karatun nan in taho. Da gaske nake.

'Yarka.

*

Gidan Yaya,
Talata.

Malama Ungozoma,

Gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, tunda ba ki tambaya ba.

Na karanta takardar tuhumarki sau uku. Ashe an naɗa mini 'yar sanda a maƙwabta ban sani ba. To, ba zan yi ƙarya da furfurata ba. Na ba shi kifi. Sau biyu. In an haɗa da kawunan, sau biyar. Kallon marayan nan da kika faɗa, ba ki faɗi rabinsa ba. Na faɗa wa Likita da bakina, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni, amma ta ce kifi biyar bai isa ya yi wannan aikin shi kaɗai ba. Ki rubuta wannan ki ajiye.

Batun abinci an ɗan samu ci gaba. Da ya ƙi mai ɗanɗanon kaza, Likita ta ba da wani ɗanɗanon na irin maganin. Don kada in zalunce shi, na lakata na ɗanɗana duka biyun. Mai ɗinki ta shigo aron guga ta same ni da cokali a baki da gwangwani a hannu, na san labarin ya riga wannan takardar isowa. Gaskiya Manaja na da hujja, ba gishiri ko kaɗan. Amma da na ɗumama, na zuba a farantin Yaya mai furanni, na juya masa baya ina kallon bango kamar ɗalibin da aka hukunta, sai na ji yana lasa. Yana cin kamar rabi.

Ruwa ne ya gagara. Likita ta sake gwada fitsarinsa ta ce ya yi kauri da yawa, tsakuwar ba ta gama narkewa ba, wannan muzurun ba ya shan ruwa. Na ce mata ruwa ai sana'ata ce. Na jera masa kwano bakwai a gidan nan: na tangaran, na ƙarfe, na ƙasa, har kofin gilashin baƙi. Na sa ɗaya nesa da abinci, ɗaya a inuwa, ɗaya kusa da kujerarsa. Ni na yi tuntuɓe da uku, shi bai sha ko ɗaya ba. In na ƙara ruwa a abincin ya wuce cokali guda, sai ya bar mini kayana.

Sabuwar ɗabi'a kuma ya tsiro da ita. Wuni yake yi zaune a wurin wanke-wanke na kicin, ya ɗaga kai ya ƙura wa famfo ido. Wani lokaci har ya kai masa hannu. Na gane duba aikina yake yi, irin na manajoji, kuma ina mai alfaharin sanar da ke bai sami aibu ba.

Yanzu in bar wasa. Likita ta ce in bai fara sha ba zai iya sake toshewa, kuma na biyun ya fi na farko muni. Ta ce in kawo shi Alhamis ta sama. Ya rame, 'yata. Jiya ya zo ya kwanta a kan ƙafata, abin da bai taɓa yi ba, na kasa motsi har gwiwar ta sage. Ina jin tsoro. Na rasa Yaya ina kallo, ba na so in rasa abin da ta bari a hannuna.

Kada ki ajiye karatu.

Kawunki.

*

Makarantar ungozoma,
Asabar.

Kawuna,

Yaya gwiwar? Ka ga yau na tambaya. Ka yafe mini wasiƙar da ta wuce. Na roƙi Direba ya miƙa maka wannan hannu da hannu kafin ya kashe mota.

Da na zo inda ka ce Manaja yana zama yana kallon famfo, sai da na dafa bango. Na zazzage jakata na nemo wasiƙarka ta farko. Kawu, ban karanta ta duka ba. Da na ga "tankin sama" sai na tsallake zuwa sa hannu, kamar yadda na saba in ka fara maganar bututu. Da na karanta, da ba a kai ga asibiti ba. Na ɗora maka laifi a kan kifi, alhali rabin laifin a jakata yake.

Manaja bai taɓa shan ruwa a kwano ba. Tun yana ɗan mitsitsi, a famfon kicin yake sha, ɗigo-ɗigo. Ba aikinka yake dubawa ba, ƙishi yake ji.

Jiya na kira Mai ɗinki na ce ta je ta sassauta famfon. Ta ce ta sassauta sau biyu, sau biyu kana wucewa ka murɗe shi ba tare da ka ma kalla ba, da ta yi magana ka ce ita ta tsaya kan allura. Na san hannunka. Don haka dole in faɗa maka abin da Mama ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba.

Gyaranka bai taɓa lalacewa ba. Duk shidan daidai ka yi su. Kana fita, Mama za ta leƙa ta taga ta ga ka sha kwana, sai ta rufe ruwa ta kwance famfon, ta cire sabuwar robarka ta mayar da tsohuwar. Ni nake riƙe mata fitila. Kai ka koya mata ba ka sani ba, don duk gyaran da kake yi tana tsaye a kanka da kofin shayi.

Na taɓa ce mata, "Mama, me zai hana ki gaya masa gaskiya, ya bar famfon don Manaja?" Ta ce, "Ke yarinya ce. Kawunki ba ya zuwa gidan mutum haka kawai, kunya yake ji. Sai in akwai abin gyara. Ranar da famfon nan ya daina zuba, ranar zai daina zuwa."

Ka buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Can ƙurya, bayan kwalaben sabulu, akwai gwangwanin alewa. Abin da kake buƙata yana ciki. Na san abin da nake roƙonka ba ƙarami ba ne a wurin mutum irinka.

'Yarka.

*

Gidan Yaya,
Juma'a.

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ni da shi.

Na buɗe gwangwanin. Wata tsohuwar roba da ta ajiye don gaba tana ciki, ta cinye ta gefe guda, irin wadda nake jefarwa ba na waiwaye. Sababbi shida suna kusa da ita, an ɗaure su da zare, ko ɗaya ba ta yar ba. A ƙarƙashinsu kuma sifanata mai jan mariƙi. Shekara huɗu ina zargin abokin aikina da ita, har na daina amsa gaisuwarsa da kyau. Gobe zan je in ba shi haƙuri, ban san ta inda zan fara ba.

Na zauna a ƙasan kicin da gwangwanin a cinya. Da farko na yi fushi. Matar nan ta bar ni ina kwana ina tunanin inda na yi kuskure, har littafi na taɓa dubawa a kan famfon nan. Daga nan na yi dariya har Mai ɗinki ta leƙo ta katanga. Daga nan kuma na yi abin da ban yi ba ranar da aka binne ta. Ba sai na faɗa miki ba. Gaskiyarta ne, 'yata. Ban iya zuwa gidan mutum hannu rabbana in zauna ba. Ashe ta sani tuntuni.

Na rufe ruwa. Na cire roba sabuwa fil, mai kyau, wadda za ta yi shekara goma, na sa ruɓaɓɓiya da hannuna. Shekara arba'in ban taɓa yin haka ba, na ji kamar wani na kallo na. Da na buɗe ruwa sai ga shi, ɗis, ɗis. Ban ma gama tattara kaya ba Manaja ya taka kafaɗata ya haye. Ya karkata kai ya sa harshe, ya yi ta sha har gashin fuskarsa ya jiƙe sharkaf. Bai ce mini na gode ba.

Na sa bokiti a ƙasa, ruwan da ya taru ina ba shukokin Yaya, don ɓarnar ruwa dai ba da ni ba. Kwanuka bakwai sun koma kabad.

Jiya Alhamis muka je wurin Likita. Ta duba a madubi ta ce fitsarin ya tsinke, tsakuwar saura kaɗan. Ta ce kada mu yi sake, ya zauna kan abincin gwangwanin nan, watakila har iyakar rayuwarsa, kifi kuma ko a mafarki. Yanzu yana cinye farantin tas, in dai na juya baya. Ta tambaye ni dabarar da na yi har ya fara sha. Na ce mata sirrin sana'a ne.

Direba da ya shigo karɓar takarda ya ji ƙarar famfon, ya ce, "Haba Baba, kai da kanka, famfo na zuba a gidan da kake?" Har ya ce ya san wani mai gyara. Na ce masa ya kula da aljihun motarsa.

Ki gama karatunki a tsanake, ki dawo ki tarar da gidanki yadda kika bar shi. Ni kuma in na koma nawa, zan riƙa leƙowa duk bayan wata biyu in duba famfon nan. Ba zan zo da jakar aiki ba. Ke dai ki ɗora shayi.

Kawunki.